Takalman Birkin Nizar

Ranar Litinin birki ya ƙi ni a gangaren da ke fuskantar makabarta, Baba na gefena rungume da bargon da yake lulluɓa da shi a asibiti. Na taka, ƙarfe ya ci ƙarfe, ƙarar ta shige ni har cikin haƙora, motar kuwa ta ci gaba da gangarawa abinta kamar ba da ita nake ba. Na danna giya ta ɗaya da ƙarfin tsiya, na ja birkin hannu, muka je muka tsaya da hancin mota cikin shingen ƙayar wani bawan Allah.

Baba ya dubi shingen, ya dubi kaburburan da ke can ƙasa, sannan ya dube ni.

"Da kin bari mun ƙarasa, Hediya, ai da kin rage wa mutane ɗauka."

Ban yi dariya ba. Haushinsa nake ji, haushin motar nake ji, har da haushin kakanninmu da suka rasa inda za su kafa gida sai ƙoƙuwar dutse.

Litinin da Laraba da Juma'a nake saukar da Baba garin Janduba wankin ƙoda. Aurena ya mutu na dawo gida, ciwo ya kwantar da shi, makullin tsohuwar Fijonsa mai buɗaɗɗen baya ya dawo hannuna. Duk ƙuruciyarsa dakon gawayi da tumaki ya yi da ita a wannan hanyar, yanzu kuma shi ne kayan. In an wanke shi ya dawo gida ya ci burodi da man zaitun ya zolayi kowa. In ya tsallake rana ɗaya, ruwa ya fara taruwa a jikinsa. Abin da ke biyo bayan tsallake biyu kuwa likita ta gaya mana, kuma ba ta yi mana kwana-kwana ba.

Ranar dai mun ƙarasa sauka a giya ta ɗaya, tafiyar da ko jaki zai wuce mu. Yana kwance ana wanke shi na bi shagunan kayan mota. Na farko ya ce wa ke neman takalmin birkin motar da ta girme shi. Na biyu ya fiddo wasu daga ƙarƙashin kanta, na ƙwanƙwasa ɗaya a gefen tebur, fatar ta ɓare ta faɗi a gabanmu, ya ce hannuna ne bai da kyau. Na ƙarshe mutumin kirki ne, ya buga waya Tunis, ya ce za a aiko, in sha Allahu mako mai zuwa. Na san irin wannan in sha Allahun. Da shi aka yi mana alkawarin gyara hanyar da ruwa ya cinye, wadda tun lokacin motar haya ta daina hawowa ƙauyenmu.

Motar aro kuma babu. Masu motocin duk sun tafi, wasu Tunis, wasu ƙetare, wasu suna ƙarƙashin teku. Abin da ya rage mana tsofaffi ne da mata, sai jakin Gwaggo Shadliya, ƙanwar Baba da muke katanga ɗaya da ita, shi ma ɗingishi yake.

Talata da safe na sa duwatsu a bayan tayoyi, na fito da jak da sifana. Baba ya sa na ajiye masa kujerar roba a rana, wai shi ne mai gareji.

"Sassauta notocin kafin ki ɗaga, ba bayan kin ɗaga ba."

"Na sani, Baba."

"Kin sani. Shi ma mijinki komai cewa yake ya sani."

Na cire tayar, na zare ƙusoshin nan biyu da ke riƙe da takalman, na sa sukundireba na ture su baya, na zaro su. Babu sauran fata a jikinsu ko ta rantsuwa. Ƙarfe ne tsirara, ya yi sheƙi, gefensa ya yi shuɗi don zafi, faifan da suke matsewa kuma duk ya yi zane. Na ɗaga wa Baba ɗaya daga inda nake tsugune. Bai ko karɓa ba, ya ce wannan ko keke ba zai tsayar ba.

Na san inda idonsa yake gudun kallo, don nawa ma can yake gudu.

A ƙarƙashin ɓauren da ke ƙarshen tsakar gida akwai wata Fijo, irin tamu sak, lulluɓe da tamfol. Ta ƙanena ce, Nizar. Ba da daɗewa ba kafin ya tafi ya sa mata sababbin takalman birki, na asali, waɗanda wani abokinsa ya kawo masa daga Faransa. Har zagaya ƙauye ya yi da kwalin yana nuna wa mutane kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sai kuma wata safiya aka zo aka ciro injin motar aka tafi da shi, da kuɗin ya shiga kwalekwalen masu tsallakawa Italiya. Hunturu biyu ke nan. Ba waya, ba gawa, ba wanda ya ce ya gan shi.

A wajenmu wanda teku ta ɗauka ba ta mayar ba, ba a cewa ya mutu, sai dai a ce ba ya nan. Ba a yi masa salla, ba a zaman makoki, ba a taɓa kayansa. Ko cokalinsa ka ɗauka ka sha miya, ka ci gadonsa ke nan, gado kuwa na matacce ake ci. Gidaje da yawa a layinmu suna da ɗaki guda a kulle saboda haka. Mu namu ɗaki ne da mota. Kowace Juma'a Ummi, mahaifiyarmu, takan yaye tamfol ta wanke motar da ba ta da inji, ta sa ni in ba tayoyin iska, don kada ya dawo ya tarar da su a ƙasa ya ce ba mu kula ba.

Na same ta a bakin tanderu tana manna burodi, hannun rigarta a naɗe.

"Ummi, birkin Baba ya ƙare."

"To a sayo wani."

"Babu shi. Sai mako mai zuwa, shi ma in an ga dama."

Ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗauki wani ƙullin ta faɗaɗa shi.

"Na motar Nizar sababbi ne," na ce. "Aro zan yi. Ranar da na Tunis suka iso in mayar masa da nasa."

"Wa kika tambaya aron?"

"Ke nake tambaya."

"Motata ce? Ki bari mai ita ya zo ki tambaye shi."

"Ummi, ƙarfe ne fa guda huɗu, kowanne bai kai tafin hannuna ba."

"Matar Ammar ta layinmu ma da bargo ta fara. Ta ce sanyi take ji, aron bargon ɗanta za ta yi. An daɗe kafin a kira ta ta je ta gane gawa?"

"Ai ya riga ya mutu tun kafin ta taɓa bargon."

Ta juyo ta dube ni, fuskarta ja saboda wuta.

"Fita mini daga gaban tanderu, Hediya."

Na koma wajen Baba da tunanin shi zai raba gardama, tunda jikinsa ne ake magana a kai. Ya ji duk abin da muka ce, gidan namu ba shi da girman da magana za ta ɓuya.

"Ka yi mata magana, kai ne mijinta."

"Ƙyale ta."

"Gobe Laraba, Baba."

"Laraba ɗaya ce. Na tsallake abubuwan da suka fi Laraba." Ya gyara bargon a gwiwarsa. "Da wannan motar take tashi kowace safiya, 'yata. In kika karɓe ta, da me za ta tashi? Kuma ki ji ni da kyau, na san halinki. Wallahi in kika ciro su a ɓoye, ƙafata ba za ta shiga motar nan ba."

Na ji kamar in yi jifa da sifanar hannuna. Mutum biyu da suka shekara arba'in ba su taɓa yarda da juna a kan yawan gishirin miya ba, yau sun haɗa kai a kan abin da zai kashe ɗayansu.

Laraba da sassafe na mayar da tsofaffin takalman, na ce bari in gwada ni kaɗai a ɗan gangaren ƙofar gida, ko akwai sauran albarka. Katangar Gwaggo Shadliya ce ta tsayar da ni. Ta fito da tsintsiya a hannu, ta dubi inda farar ƙasar katangar ta zube.

"Ke 'yar Belgasim, in kashe ni kika zo yi, ki shigo ta ƙofa mana kamar mutane."

Ta leƙo ta taga ta ga fuskata, sai ta ajiye tsintsiyar.

"Ta hana ko?"

"Ta hana. Shi ma ya hana."

"Kada ki ce in yi mata magana. Ni ma da a ce ɗana ne, ba zan ba ki ba." Ta nuna bayan gidanta da haɓa. "Jakina yana nan, in za ki ɗora shi."

Mu duka mun san Baba ba zai kai rabin hanya a bayan jaki ba. Na ja motar da baya na mayar tsakar gida. Na buga wa mai shagon Janduba, ya ce kayan suna hanya. Na tambaye shi wace hanya, ya ce in yi haƙuri. Haka Laraba ta wuce, Baba yana ƙirga mana labaran da muka ji sau ɗari, yana tsayawa a tsakiya ya nemi numfashi, Ummi tana auna masa ruwan sha a ƙaramin kofin shayi ba ta haɗa ido da kowa.

Alhamis ya wayi gari a zaune, don kwanciya ta gagare shi. Fuskarsa ta cika, idanunsa sun shige ciki, ƙirjinsa yana ƙara kamar buta ta kusa tafasa. Ko zolaya bai yi ba. Ummi ta kawo ruwan ɗumi a kwano za ta yi masa alwala. Da ta riƙe ƙafarsa, babban yatsanta ya nutse a ƙaurinsa. Ta ɗaga yatsan, ramin ya tsaya bai ciko ba, kamar a ƙullin burodi. Ta daɗe tana kallon ramin nan.

"Kin gani ko?" na ce. "Ɗaya ba mu san inda yake ba, ɗaya ga shi a hannunki. Ki zaɓi wanda za mu yi zaman makokinsa."

"Rufe mana baki," in ji Baba, da ɗan muryar da ta rage masa.

Ban janye ba. Na gaji da tsoro ne, kuma ba ni da wanda zan sauke wa sai ita.

Ummi ta ƙarasa wanke masa ƙafafu, ta goge su da gefen zanenta, ta ɗauki kwanon ta fita. Na bi ta a baya. Ta riga ta hura tanderu, itacen zaitun ya kama sosai, ƙulli ya tashi a cikin daro yana jira. Ta tsaya a kan tanderun ta juye ruwan kwanon a ciki. Tururi da toka suka taso mata a fuska, ba ta ja baya ba. Ta ɗebo wani ruwan ta ƙara, har wutar ta mutu murus. A wajenmu, gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta a cikinsa sai bayan kwana uku.

Ta je jikin katanga ta kira Gwaggo.

"Shadliya, ki aika a gaya wa liman. Ki gaya wa mata. Ki ce Mabruka ta ce ɗanta Nizar ya rasu."

"An yi waya ne?"

"Ba a yi ba. Ki dai gaya musu. Ga ƙullin nan, ki ɗauka ki gasa a gidanki kada ya lalace."

Daga nan ta wuce gindin ɓaure. Ta kwance igiyoyin tamfol ɗaya bayan ɗaya, ta yaye shi, ta ninke shi tsaf yadda take yi kowace Juma'a. Ta shafa ƙofar direba da tafin hannunta.

"Ga ta nan," ta ce da ni, ba ta dube ni ba. "Gadon ubansa ne da uwarsa da 'yar'uwarsa. Nawa rabon na bar wa uban. Ki ciro abin da za ki ciro."

Abin da na yi kwana biyu ina faɗa a kai ke nan, amma da na samu, sai na tsaya ina kallon motar na kasa taɓa ta. Ta shige ɗaki, na ji ta buɗe ƙofar ɗakin Nizar, wadda rabon da a buɗe ta tun tafiyarsa.

Kafin hantsi mata sun fara shigowa. Matar Ammar ce ta farko, ɗauke da tukunyar kuskus, ta wuce ni ta shiga ciki. Wasu suna kallona a tsugune da sifana, su kalli motar a buɗe, su sunkuyar da kai. Can sai kuka ya tashi daga ciki, kukan da Ummi ta riƙe hunturu biyu, sauran kuma suka taya ta, kowace da nata ɗan da ba ya nan.

Baba ya ce in fito da shi. Na tallafe shi zuwa kujerarsa. Na fara cire takalman motarmu na jera su a kan buhu, sannan na kai jak gindin ɓaure. Notocin sun yi tsatsa, sai da na hau kan sifanar da ƙafa kafin su motsa. Na cire tayar, na buge ƙusoshin, na zaro takalmin farko.

Ba sabo ba ne. Tsoho ne, ya cinye, fatar da ta rage a jikinsa ba ta fi kaurin ɓawon albasa ba. Na zaro na biyun, shi ma haka. Na sauke jak na zagaya ɗaya gefen na buɗe. Duk ɗaya.

"Mene ne?" in ji Baba.

Na kai masa su huɗun na zube a cinyarsa. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya juya bayansa, ya bi gefen ƙarfen da farce. Akwai tsagu uku a jere, na zarton ƙarfe.

"Nawa ne," ya ce.

"Naka kamar yaya?"

"Duk ƙarfen da na sa wa motata sai na yi masa tsagu uku, don kada bakanike ya musanya mini. Waɗannan ni na sa su da hannuna, tun ina da lafiya. Kawo na kan buhun."

Na kawo. Babu tsaga a jikinsu ko ɗaya, sai ragowar rubutun Faransanci a bayan ƙarfen.

"Na ɗauka ke kika canja su lokacin da nake kwance a asibiti," ya ce.

"Ni kuma na ɗauka kai ne, kafin ka kwanta."

Sai a lokacin na tuna yammacin da Nizar zai tafi. Ya tura motocin biyu bayan gida wai zai wanke su, ya kore ni da na je taya shi, ya dawo da hannu baƙi ƙirin yana cewa laka ce. Ashe nasa ya cire ya sa wa Baba, ya kwashe tsofaffin ya mayar a tasa, ya rufe bakinsa ya tafi. Duk hawa da saukar da muka yi a dutsen nan, a kan kayansa muka yi, har muka cinye su. Ban taɓa jin ƙaunarsa da haushinsa sun taso mini a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Da ya faɗa, da uwarsa ba ta kashe wutarta a banza ba.

Baba ya riƙe ƙarfen a hannu, leɓɓansa suna motsi, ban san addu'a yake ko magana da ɗansa ba.

"Kada ta sani," ya ce.

"Gobe fa, Baba? Da me zan saukar da kai?"

"Zaɓi masu ɗan sauran fata ki sa. Za su yi gangare ɗaya, wataƙila biyu."

"Gangarenmu ai ba biyu ba ne."

"Na fi ki sanin hanyar. Gobe ta Allah ce, yau ta uwarki ce. Je ki sa su, kuma ki riƙa buga guduma ta ji ana aiki."

Na koma gindin motarmu. Na goge tsofaffin takalman Baba da tsumma, na kankare tsatsar da ke bayansu, na zura su a mazauninsu. Aikin da ba ya buƙatar guduma, amma na riƙa dukan ƙarfe lokaci-lokaci kamar yadda ya ce, hawaye yana hana ni ganin ramin ƙusa. Na shiga na taka birki har ya yi tauri a ƙafata. A tsaye dai yana da tauri.

Ina kan tayar ƙarshe Ummi ta fito. Ta sa baƙin ɗankwali, idanunta sun kumbura, Gwaggo na riƙe da gwiwar hannunta. Na yi sauri na ja buhu na rufe sauran ƙarafan.

"Sun yi daidai?" ta ce.

"Sun yi, Ummi."

"Ya ce na asali ne. Ba irin na kasuwa ba."

"Na asali ne."

Ta gyaɗa kai, ta dubi Baba a kujerarsa.

"To, Belgasim, ɗanka ya yi maka amfani. Gobe ta kai ka."

"Ya yi, Mabruka," in ji Baba. "Allah ya jiƙansa."

Karo na farko ke nan da aka faɗi haka a gidanmu. Ta amsa da amin, Gwaggo ta mayar da ita ciki.

Na ɗaure notoci, na sauke jak, na kwashe sifana da guduma. Daga falo liman ya fara karatu, maza tsofaffi suna shigowa suna cire takalma a ƙofa. Baba ya miƙo mini hannu ya ce in tashe shi, zai shiga ya karɓi gaisuwar ɗansa tun yana iya zama.